"Tashi Ka Taka": Kwana 19 A Gefen Gadon Baba

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe, ko da a Ingila aka haife shi kamar ni, ya san yadda ake jinya. Mara lafiya kwanciya yake yi. A gyara masa filo, a ja masa bargo, a kai masa kofi har baki, duk wanda ya shigo ya ce "sannu", in kuwa ya yunƙura zai tashi sai mutum uku su taso masa: "A'a, a'a, koma ka kwanta, me kake so a miƙo maka?" Haka na ga ana yi tun ina ƙarama, haka ni ma na iya. To jama'a, ku auna yadda muka ji ni da Umma ranar da wata siririyar Baturiya ta shigo ɗakin kulawa ta musamman, kwana ɗaya tak bayan an farke cikin Baba an cire masa hanta an saka wata, ta tafa hannu ta ce yau za mu zauna a bakin gado.

Umma ta dube ni ta ce, "Ke, me take cewa?" Ta ji sarai, Turancin Umma bai kai lalacewar haka ba. So take in ce mata ba haka aka ce ba.

Bari in ɗan koma baya don ku gane inda muka fito. Baba ya zo ƙasar nan a 1989 da niyyar ya yi karatun shekara uku ya koma Katsina, har gobe akwatin komawar yana saman wadirob. Ya fi shekara 20 yana tuƙin bas. A 2017 aka yi masa gwajin jini saboda yawan gajiya, aka gano yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma hantar ta riga ta fara ƙandarewa. Likitoci suka ce bisa dukkan alamu tun yana yaro ya kamu, domin a ƙasashenmu galibi wajen haihuwa ko a ƙuruciya ake ɗaukar ƙwayar, sai ta kwanta shekara da shekaru ba ta ce uffan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita a duniya, miliyan 65 daga ciki a yankin Afirka. Mu duka gidan sai da aka gwada mu, aka yi mana rigakafi. In iyayenku a gida aka haife su kuma ba a taɓa gwada su ba, don Allah ku matsa musu, gwajin jini ne kawai. Mutanenmu "shawara" suke ce wa abin, a yi ta shan jiƙo har lokaci ya ƙure.

Magani ya danne ƙwayar, amma ɓarnar da aka riga aka yi ba ta koma ba. Zuwa 2022 cikin Baba ya cika da ruwa, sai an je an zuƙe. Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa ba cikin ba ne, kafaɗunsa ne. Mutumin da yake ɗaukar buhun shinkafa daga mota zuwa kicin bai ajiye ba, ya koma ƙashi da fata daga ƙirji zuwa sama, cinyoyinsa kamar sillen kara. Daga baya aka yi mana bayani: lafiyayyar hanta rumbu ce, tana ajiye sukarin da jiki zai ci da dare. Idan ta ƙandare rumbun ba ya riƙe komai, sai jiki ya juya ya fara cin tsokarsa. Kwana ɗaya ba ci a wajen mai irin wannan ciwon kamar mai lafiya ne ya yi kwana biyu ko uku bai sa komai a baki ba. Shi ya sa aka ce lallai ya riƙa cin wani abu kafin ya kwanta, kuma ya ci nama da ƙwai da wake. Umma da ta shekara tana hana shi nama wai hanta ba ta so, ranar da ta ji haka har gida ba ta yi magana ba.

A Birtaniya cibiyoyi bakwai ne ke yi wa manya dashen hanta: biyu a Landan, sai Birmingham, Cambridge, Leeds, Newcastle da Edinburgh. Aka tura mu ɗaya daga ciki, tafiyar kusan awa biyu daga gidanmu. Kafin a sa shi a layin jira sai da aka kwashe kwanaki ana aune-aune, kuma a nan muka fara haɗuwa da masu fisiyo. Suka ba shi wani ƙarfe ya matse da hannu, suka sa ya tashi daga kujera ya zauna sau biyar ba tare da ya dafa ba suna duba agogo, suka sa ya yi ta kai da komo a baranda na minti shida suna ƙirga nisan. Baba ya fito yana mita: "Ni da na zo a duba hantata, sai a sa ni tsallen kwaɗo?" Ashe ita wannan ƙirgar tana cikin abin da ake dubawa a gane ko jikin mutum zai iya ɗaukar aikin.

Wayar ta zo wani dare a watan Oktoba na 2023, wajen ƙarfe biyu. Aikin ya ɗauki kusan awa takwas. Da aka bar mu muka gan shi, na ƙirga robobi a jikinsa: ɗaya a wuya, ɗaya a hannu, ɗaya a hanci, biyu a gefen ciki suna fitar da ruwa, ga ta fitsari, ga ta numfashi a baki. Da gari ya sake wayewa aka cire ta bakin. Ya buɗe ido ya gan ni ya ce, "Uwata," domin sunan mahaifiyarsa gare ni, bai taɓa kiran sunana ba. Sai kuma wani abu ya faru da ba wanda ya gargaɗe mu a kai: Turancin Baba ya gudu. Mutumin da ya shekara 30 yana faɗa da fasinjoji da Turanci, in nas ta yi masa magana sai ya yi ta kallon bakinta ya ba ta amsa da Katsinanci. Suka ce ruɗewa ce da kan biyo bayan babban aiki da magungunan barci, za ta wuce. Ta wuce ɗin bayan kwana huɗu. Amma kwana huɗun nan ni ce tafinta, ni da Hausata ta kicin ce, ta "miƙo gishiri" da "kin yi salla?" Wallahi a waya na nemo yadda ake cewa huhu.

To a wannan halin ne Baturiyar nan ta shigo.

A gida "likitan gashi" ake ce wa mai wannan aikin, don haka da na ce wa Baba mai gashi ce ta zo, sai ya saki jiki, yana jiran a kawo ruwan ɗumi da tawul da man zafi a daddanna masa. Tawul kam ta kawo. Ta naɗe shi ta ɗora masa a kan ɗinkin, ta sa ya rungume shi da hannu biyu, ta ce ya ja numfashi a hankali har ƙasan haƙarƙarinsa ya buɗe, ya riƙe na daƙiƙa uku, ya sake. Sau biyar. Sannan ya buɗe baki ya fesar da iska da ƙarfi kamar mai son ya dusashe madubi. Sannan ya yi tari.

Tarin nan, jama'a. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar. Umma ta miƙe tsaye ta ce, "Ki gaya mata ɗinkin zai ɓalle! Jiya fa aka yanka bawan Allahn nan!" Na fassara, na rage zafin. Matar ba ta ji haushi ba, da alama ta saba. Ta ja kujera ta zauna ta ɗauki takarda ta zana mana. Yankan da aka yi yana bin ƙarƙashin haƙarƙari ne, daidai ƙasan tantanin da ya raba ƙirji da ciki, wanda da shi muke jan numfashi. Saboda zafi mutum yakan riƙa numfashi sama-sama, sai ƙasan huhu ya lanƙwashe ya manne, majina ta taru a wurin, ƙwayoyin cuta su samu gida. Shi kuma Baba yanzu da gangan ake danne masa garkuwar jiki da magani don kada jikinsa ya yaƙi sabuwar hantar, saboda haka nimoniyar da ni zan sha magani in warke, shi tana iya mai da shi kan na'urar numfashi. Ta ce ɗinki hawa-hawa ne a ciki, tari ba ya ɓalle shi, tawul ɗin don rage zafi ne. Ta ƙara da cewa kwanciya tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Tana sa hanji ya ƙi farkawa. Kuma tana cinye ɗan abin da ya rage na tsoka, abin da Baba ba shi da rarar sa.

Umma ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ni dai ban taɓa ganin inda ake jinya da mugunta ba." Wannan ban fassara ba.

Aka zaunar da shi ɗin. Akwai yadda ake yi, kuma na rubuta a nan don duk wanda zai yi jinyar mai aikin ciki ya sani: ba a jawo mutum ta hannu ya taso kai tsaye, wannan tsokar cikin da aka yanka ce za ta yi aikin. Sai ya tanƙwashe gwiwoyi, ya mirgina gaba ɗaya ya koma gefe, kafaɗa da ƙugu tare, ya sauke ƙafafu daga gadon, sannan ya tura da gwiwar hannu ya miƙe zaune. Mutum uku ne a kansa, ɗaya ba abin da take yi sai tattare robobi kada su saƙale. Ya zauna minti biyu ko uku, jiri ya kwashe shi, jininsa ya sauka, aka mai da shi. Ni a ganina an sha wahalar banza. Ita kuwa ta rubuta a takarda tana murmushi kamar an ci kofi.

Matsala ta farko da muka ci karo da ita jarumta ce. An ba Baba wani maɓalli a hannu, in ya danna sai maganin kashe zafi ya shiga jijiyarsa, kuma na'urar ba ta barin ya wuce ƙima. Baba ya ƙi dannawa. In nas ta ce ya faɗi zafin daga ɗaya zuwa goma, sai ya ce "Alhamdulillahi, da sauƙi," ni kuma in fassara "da sauƙi", alhali gumi na keto masa. Sai a kwana na biyu mai fisiyo ta lura, ta ce mini ba ta yarda da "da sauƙin" nan ba, tunda ga shi ba ya iya cika huhunsa. Na zauna na yi mata bayanin cewa a wajenmu babba ba ya raki, kuma ko mutum na kan gargara in ka ce ya jiki "da sauƙi" zai ce. Ta ce to in gaya masa maganin ba don jin daɗi ba ne, kayan aiki ne: ya danna minti goma kafin ta zo, don ya iya tari. Na ce, "Baba, ta ce kamar mai ne a mota, ba a hawa tudu da tanki ba komai." Ba ita ta faɗa ba, ni na ƙara. Ya harare ni, ya danna.

Ta biyu kunya ce, kuma wannan ta fi wuya. Rigar asibiti a buɗe take ta baya. Dattijon da ko singileti ban taɓa ganinsa da ita a falo ba, an ce ya miƙe tsaye a gaban 'yarsa da wata mace baƙuwa, jakar fitsari na rataye a gefe. Ya ce shi ba zai tashi ba sai an kawo namiji. Sun yi ƙoƙari, akwai namiji ɗaya a cikinsu, amma ba kullum yake wannan ɓangaren ba. Abin da ya warware mana shi ne abubuwa ƙanana: aka ba shi riga ta biyu ya sa ta baya kamar alkyabba, muka kawo masa wando mai faɗi mai zariya, sannan ƙanena ya ɗauki hutu daga makaranta ya zama shi ne mai riƙe shi, ita tana gefe tana ba da umarni. Ni kuma in an zo maganar bayan gida ko cire roba sai in fita in bar Auta ya yi ta fama da tasa Hausar, wadda ta fi tawa karyewa. Silifas ɗin da Umma ta kawo kuwa an kore su nan take, sai takalmi mai rufe dunduniya.

Kwana na uku ya miƙe tsaye ya taka a wuri ɗaya. Na huɗu aka mai da shi babban ɗaki, aka kawo masa ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ake turawa. Ya kalle shi ya ce, "Keken koyon tafiya? Irin wanda na saya miki?" Ya kama dai, ya kai ƙofar ɗaki ya dawo. Ranar ce Turancinsa ya dawo, kuma abin da ya fara yi da shi gardama ce.

Ranar ce kuma ta yi masa tambayar da ta sauya komai. Ta ce ita ba ta damu da nisan baranda ba, shi me yake so ya iya yi wanda yanzu ba ya iyawa? Ni na zaci zai ce tuƙi. Ya yi shiru, ya ce, "In sa goshina a ƙasa." Wata takwas ke nan rabonsa da sujada, tun da ruwan ciki ya hana shi sunkuyawa, a kujera yake salla, a asibiti kuwa a kwance da ishara. Ya san addini ya yi masa rangwame, ba wannan ba ne. Matar ta ce ita ba ta san yadda ake yi ba, a nuna mata. Auta ya shimfiɗa tawul a tsakanin gadaje ya yi raka'a ɗaya tana kallo, hannunta a haɓa, kamar makaniken da aka buɗe wa inji. Da ya gama ta rarraba abin gida-gida: tsayuwa ba dafawa na wasu mintuna, sunkuyawa da baya a miƙe, sauka kan gwiwa, sannan tashi daga ƙasa, wanda ta ce shi ne mafi wuya domin ƙarfin cinya da ƙugu yake ci. Ta ce saukar ƙasa ba yanzu ba, sai ciki ya haɗe, sai likitocin tiyata sun yarda. Amma tsayuwa da cinya za a fara yau. Daga ranar tashi-zauna daga kujera ya daina zama tsallen kwaɗo.

Sai kuma muka koma baya. A kwana na bakwai gwajin jini ya nuna hantar na kuka. Aka tsaga ɗan ƙanƙanin yanki da allura aka duba, aka ce jikinsa ya fara ƙin ta. Ni da na ji haka na zaci shi ke nan. Likitan ya ce abu ne da ake yawan gani a makonnin farko, kuma galibi yana jin magani: kwana uku ana ɗura masa sitiroyid mai ƙarfi ta jijiya. Ya ji maganin. Amma sukarinsa ya hau, barci ya ƙaurace masa, ya zama mai saurin fushi, kuma abin ya faɗo daidai ƙarshen mako, lokacin da masu fisiyo kaɗan ne a bakin aiki, su ma masu matsalar numfashi ta gaggawa suke bi. Ba wanda ya zo ya tashe shi Asabar da Lahadi. Wannan har yau yana ci mini rai, domin jiki bai san Asabar ba.

Amma in zan faɗi gaskiya, laifin ba nasu kaɗai ba ne. Ƙarshen makon nan ne 'yan dubiya suka samu dama. Mutanenmu, Allah ya saka musu, wasu tun daga Manchester, wasu daga Landan, da kuloli da ledoji. Biyu-biyu ake shiga, saboda haka tun azahar har dare layi bai yanke ba, Baba na kishingiɗe yana amsa "sannu". An kawo fura da nono, an kawo wani jiƙo a gora wai daga gida aka aiko, na hanta ne sadidan. Duk nas ta tare su: ba madarar da ba a dafa ba, ba wani sassaƙe ko jiƙo, ko lemon nan mai ɗaci da ake kira girefurut an hana, domin yana hargitsa ma'aunin tacrolimus a jini, maganin da ke tsare hantar. Wani kawunmu ya ji haushi har ya fita bai yi sallama ba. Umma kuwa ta samu abin da take so: ita ke ba shi abinci a baki, ita ke ɗaga masa kofi, ita ke gyara masa ƙafa. Ni ma ban hana ba. Daɗi na ji, in gan shi a kwance cikin mutanensa ana hira da dariya kamar da.

Litinin da safe mutumin da ya kai ƙarshen baranda ranar Alhamis ya kasa tashi daga kujera sai da aka ɗago shi. Zazzaɓi ya ɗan taso, hoton ƙirji ya nuna ƙasan huhun dama ya toshe. Aka ƙara masa iska ta hanci, aka fara maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Mai fisiyon ba ta yi mana faɗa ba, na fi so ma da ta yi. Umma ta nufa. Ta ce mata ita minti 20 ko 30 take samu da shi a rana, sauran awa 23 ɗin na Umma ne, don haka ba ta da wani ma'aikaci da ya fi ta. Ta ba ta takarda: kowace awa numfashi mai zurfi da tari, motsa tafin ƙafa sama da ƙasa, duk abinci a kujera za a ci, ba a gado ba, tashi-zauna safe da rana da yamma, tafiya sau uku. Ta ce kuma duk abin da zai iya yi da hannunsa a bar shi ya yi, ko da zai zubar. Hannun nasa kuwa rawa yake, tacrolimus na sa haka, shayi sai ya zube rabi kafin ya kai baki.

Umma ta karɓi takardar ba ta ce komai ba. Da la'asar na dawo daga sayen ruwa na tarar da ita zaune, carbinta a hannu, tana ja ɗaya-ɗaya: "Shida. Malam, wannan ba ta cika ba, ka dafa. Sake." Baba ya ce, "Haba, ke da kika ce mugunta ce?" Ta ce, "Bakwai nake jira." Wallahi daga ranar Baturiyar ta zama mai sauƙi. Umma ta tsara 'yan dubiya, ta ce duk wanda ya zo sai dai ya raka shi tafiya, a yi gaisuwar a baranda. Za ka ga dattijo da babbar riga yana tafe a hankali gefen Baba yana tura sandar ƙarin ruwa, suna maganar siyasar gida. Na ga lokacin da shayi ya zubo masa a riga, hannunta ya ɗaga zai kai, ta mai da shi ta danne a cinya. Ina jin duk jinyar nan ba abin da ya fi wannan yi mata wuya.

Wani abu da na so a ce an gaya mana tun farko: sabuwar hanta ba ta zuwa da sabuwar tsoka. Idon Baba ya washe cikin kwanaki, rawayar ta tafi, ruwan ciki ya daina taruwa, sai muka zaci sauran ma haka zai bi. Ina! Naman da ciwo ya shekara yana ci, watanni yake ɗauka kafin ya dawo, shi ma sai an ci abinci an motsa. Ga shi kuma sitiroyid ɗin da ake ba su yana raunana tsokar cinya da ƙugu, yana rage ƙarfin ƙashi. Wato magani na ja ta nan, kai kana ja ta can. Tun 1963 Thomas Starzl ya fara gwada wannan aikin a Denver ta Amurka, Roy Calne ya yi na farko a ƙasar nan a Cambridge a 1968, kuma abin da likitocin tiyata suke yi yanzu sai dai a ce masha Allah. Amma iyakar su ke nan, su dasa su ɗinke. Daga gado zuwa banɗaki kuwa ba mai taka maka.

Jarrabawar ƙarshe bene ce. Ta tambaye mu matakala nawa ce a gidanmu, ba wanda ya sani, sai da Auta ya kira maƙwabciyarmu mai riƙe da makulli ta shiga ta ƙirga: 13, kuma banɗaki a sama yake. Aka kai Baba matakalar bayan ɗakin, hannu ɗaya a ƙarfen dafawa, ita a bayansa, Auta a gaba. Ranar farko shida ya yi ya tsaya yana haki. Bayan kwana biyu ya hau 13 ya sauko. Ƙarfen turawa an riga an karɓe, sanda ce a hannunsa, ita ma yana ɓoye ta in an zo dubiya.

Kwana na 19 aka sallame mu da jakar magunguna da dokoki: kada ya ɗaga abu mai nauyi har wata uku, ko butar shayi in ta cika a bar ta, don kada hanji ya turo ta wajen ɗinkin, ba tuƙi sai likita ya ce, tafiya kullum, a riƙa ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Na tambaya ko akwai inda za mu ci gaba da zuwa motsa jiki, irin ajin da ake yi wa masu ciwon zuciya. Mu dai takarda mai hotuna aka ba mu. Sai Umma da carbinta suka ci gaba daga nan, cikin sanyin Nuwamba, daga ƙofar gida zuwa fitilar titi ta farko, sannan ta biyu, sannan shagon kan kwana. Ya rubuta wa iyalan wanda ya bar masa hantar wasiƙa ta hannun asibiti, ba cikakken suna ba adireshi, haka ƙa'idar take. Sau huɗu yana yagewa saboda rawar hannu, ya ƙi yarda in rubuta masa.

A watan Fabrairu na 2024, bayan likitan tiyata ya duba cikin ya ce ya haɗe, wata asuba na ji motsi a falo. Na sauko na tsaya a matakala. Ya jawo kujerar cin abinci ya ajiye a gefen darduma, kamar yadda matar ta nuna wa Auta tun a asibiti: hannu ɗaya a kujera, gwiwa ɗaya ta fara sauka, sannan ɗayar. Ya daɗe a ƙasa, har na fara tunanin ko in je. Da ya zo tashi ya kafa ƙafar dama, ya dafa kujera, ya yunƙura, bai tashi ba. Ya sake, bai tashi ba. Umma na bakin ƙofar kicin da butar shayi a hannu, ta gan ni na ɗaga ƙafa zan sauko, ta girgiza mini kai.

A na uku ya miƙe. Da ya sallame bai juyo ba, ya ce, "Uwata, na san kina nan. Zo ki mai da kujerar nan inda take."